Yadda mutanen Koriya suka samu rubuta abin da ya wuce



Wanda ya taɓa bi ta inda yara ke koyon wasan taikwando a birnin Yamai, ya ji suna ɗaga murya suna cewa: hana, dul, set, net. Wannan ba Zabarmanci ba ne, ba kuma Faransanci ba. Ƙirga ce da harshen Koriya, watau ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wasan daga ƙasarsu ya fito, shi ya sa ko'ina a duniya da harshensu ake ba da umurni a cikinsa. Alƙalin wasa in ya ce shijak, a fara ke nan. In ya ce guman, a tsaya.

Da wannan wasa ne ɗanmu Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasannin Olimpik na Riyo a 2016. Shekara ɗaya bayan haka, a 2017, ya je garin Muju, can cikin Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya a gidan masu abin. Zumuncin kuwa ya daɗe. Tun 1961 Nijar da Koriya ta Kudu suka ƙulla hulɗa, kuma a 1969 shugaba Diori Hamani ya kai ziyara birnin Seul, har suka buga kan sarki na gidan waya da hotonsa.

Ƙasar ƙarama ce. Nijar ta ninka Koriya ta Kudu sau goma sha biyu da ɗoriya wajen faɗi, amma mutanenta sun haura miliyan 50. Tana can gabas mai nisa, tsakanin Sin da Japan. Tun 1945 aka raba Koriya biyu, Kudu da Arewa, amma harshe ɗaya suke yi, baƙaƙe ɗaya suke rubutu da su.

Abin da ya sa na ɗauko zancensu yau shi ne wani abu da ya faru a ajinmu na yaƙi da jahilci. Wani dattijo da ke karatu wurina ya ci bashin taki da damina. Da kaka ta yi ya biya. Bayan wata biyu aka sake zuwa masa, aka ce littafi bai nuna ya biya ba. Ya rantse, ya kawo shaidu, ɗaya ya ce ya manta, ɗaya ya yi tafiya. Ƙarshe sai da ya sayar da akuya ya sake biya. Ranar da ya dawo aji ya ce mini: "Malam, ƙyale ni da sauran karatun, koya mini yadda zan rubuta na biya, da rana, da sunan wanda ya karɓa." Kalmomi biyu ne kawai, na biya. Amma su ne suka ci masa akuya.

Ashe irin wannan kuka ne ya sa wani sarki a Koriya ya zauna ya ƙago wa talakawansa baƙaƙe, yau fiye da shekara 580.

Sarki Sejong

An haifi Sejong a 1397. Ya hau gadon sarauta a 1418, ya rasu a 1450. A zamaninsa mutanen Koriya suna magana da harshensu, amma rubutu da na Sin ake yi. Rubutun Sin kuwa ba irin namu ba ne. Kowace kalma da zanenta, sai mutum ya haddace dubbai kafin ya karanta littafi. Ɗan manomi ina ya ga shekarun da zai zauna yana wannan hadda? Sai ilimi ya zama na ƴaƴan sarauta da manyan malamai kaɗai. Ban da haka ma, harshen Sin da na Koriya ba su da dangantaka ta jini. Kamar a ce kana tunani da Hausa, amma duk takardar da ta shafe ka da Faransanci take. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, kowa ya taɓa tsayawa bakin ofis da takarda a hannu yana neman mai karanta masa.

Sejong sarki ne mai kula da noma. A 1429 ya sa aka bi tsofaffin manoma ana tambayarsu yadda suke shuka da yadda suke gyaran ƙasa, aka tara amsoshinsu aka yi littafi. A 1441 aka ƙera abin awon ruwan sama a fadarsa, daga baya aka rarraba shi cikin lardunan ƙasar. Amma littafin noman nan da rubutun Sin aka yi shi. Manomin da aka tambaya bai iya karanta maganarsa ta kansa ba.

Abin da ya fi damun sarki shi ne shari'a. In an kama mutum, ya faɗi abin da ya yi da abin da bai yi ba, magatakarda ya rubuta da baƙaƙen Sin. Mai maganar bai san abin da aka rubuta ba. In aka sauya kalma ɗaya, aka mai da ban yi ba ta koma na yi, shi ke nan an gama da shi.

A ƙarshen 1443 sarki ya fito da sababbin baƙaƙe guda 28. A 1446 aka bayyana su ga jama'a cikin wani littafi mai suna Hunminjongum, ma'anarsa sautuka na daidai don koyar da jama'a. Yau guda 24 ake aiki da su, baƙaƙe 14 da wasula 10, sunansu Hangul.

Dabarar da aka yi tana da ban sha'awa, musamman ga mu masu koyarwa. An zana kowane baƙi da kamannin baki lokacin da yake furta shi. Baƙin m, murabba'i ne kamar baki: ㅁ. Baƙin n yana nuna harshe ya ɗaga ya taɓa dasashi: ㄴ. Baƙin s yana kama da haƙori: ㅅ. Wasula kuma daga alamu uku aka gina su: ɗigo a madadin sama, layi kwance a madadin ƙasa, layi tsaye a madadin mutum. Sa'an nan ba a jera su a layi ɗaya ɗaya kamar namu, sai a tattara baƙaƙen kowace gaɓa wuri ɗaya kamar ɗan ɗaki. Masu littafin sun yi alfahari cewa ko mai jinkirin ganewa kwana goma sun ishe shi. Ni dai a matsayina na malami sai in ce: gane baƙaƙe daban, karanta wasiƙa ba tuntuɓe daban. Amma kwana goma ko wata uku, ina aka haɗa su da shekara goma?

Kada ku yi zaton kowa ya yi murna. A 1444 wani babban malami na fada, Choe Malli, ya haɗa kai da waɗansu suka rubuta wa sarki takardar ƙin yarda. Suka ce barin rubutun Sin abin kunya ne, kuma in rubutu ya yi sauƙi ba wanda zai ƙara wahalar neman ilimi mai zurfi. Game da shari'a suka ce zalunci daga halin alƙali yake, ba daga baƙaƙe ba. A nan suna da ƴar gaskiya, mugun alƙali ko da wane rubutu mugu ne. Sai dai cutar wanda ke iya karanta abin da aka rubuta a kansa ta fi wuya. Sarki ya fusata, ya sa aka tsare su kwana ɗaya, ya ci gaba da aikinsa.

Yadda suke cewa na je, na biya

To, bari mu ajiye sarki tukuna mu leƙa cikin harshen. Shari'a, da wasiƙa, da littafin bashi, duk zancen abin da ya wuce ne. Yaya Bakoriye ke nuna cewa aiki ya riga ya wuce? Ƙanena da ke wasan taikwando shi ya fara kawo mini ɗan littafin koyon harshen, kuma wannan babi na fi daɗewa a kansa. Zan rubuta kalmomin da baƙaƙenmu yadda kunne ke jin su.

Mu fara da namu. Da Hausa muna cewa ina tafiya, na tafi, zan tafi. Ku duba da kyau. Ƴar kalmar da ke gaban aikin ita ke gaya mana lokaci, ita ce kuma ke gaya mana mai yin aikin: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun. Mu a gaba muke sa alama.

Su kuwa a baya suke sawa, kamar wutsiya. Kuma kalmar aiki ita ce ta ƙarshe cikin magana. Gayo, ina tafiya. Gassoyo, na tafi. Mogoyo, ina ci. Mogossoyo, na ci. Heyo, ina yi. Hessoyo, na yi. Kun ji wannan ss da ta shigo tsakiya? Ita ce alamar abin da ya wuce. Da baƙaƙensu haƙora biyu ne a jere: ㅆ. Wannan yo ta ƙarshe kuwa ta ladabi ce, ana sa ta in ana magana da wanda ba a saba da shi ba ko wanda ya girme ka.

Alamar tana da fuska biyu, ass da oss. In wasalin ƙarshe na tushen kalma a ne, sai a ce ass: bad, karɓa, ya zama badassoyo, na karɓa. Gap, biyan bashi, ya zama gapassoyo, na biya. In wasalin i ne ko u, sai a ce oss: shim, shuka, ya zama shimossoyo, na shuka. Wasalin o ne mai ɗan rikici, domin suna da iri biyu, mu kuwa ɗaya gare mu. Akwai wanda ake tattara leɓe, shi yana ɗaukar ass: o, zuwa, ya zama wassoyo, na zo. Akwai wanda ake sakin baki, irin na mog, ci, shi yana ɗaukar oss. Kalmar ha, yi, ita ce ta fita daban ta zama hess, kuma tana da amfani ƙwarai, domin kamar yadda muke cewa yi aiki, yi karatu, haka suke haɗa ta da sunaye. Il, aiki. Ilhessoyo, na yi aiki.

Ga magana cikakkiya: Oje shijang-e gassoyo. Kalma bayan kalma: jiya, kasuwa-zuwa, tafi-ya wuce. Watau jiya na je kasuwa. Ga wata: Susu-rul shimossoyo, na shuka dawa, domin susu ita ce dawa a wurinsu. Wani abin mamaki, gassoyo ba ta faɗin wanda ya tafi. Na tafi ce, ya tafi ce, mun tafi ce. Sai daga zancen ake ganewa, ko a ambaci sunan mutum. A nan Hausa ta fi su tsare gida, domin mu ba ka buɗe baki sai ka faɗi ko wane ne, har mace ko namiji.

Mu kuma muna da abin da ba su da shi. Muna da hanya biyu: mun je, da muka je. In ana ba da rahoto sai a ce mun je kasuwa. In labari ya miƙe sai a ce muka je, muka sayar da gyaɗa, muka dawo. Kowane aiki da alamarsa. Su sau da yawa aikin ƙarshe kaɗai ke ɗaukar alamar: Shijang-e gaso ttangkong-ul parassoyo, na je kasuwa na sayar da gyaɗa. Gaso ba ta da ss, sai parassoyo ta ƙarshe ta ɗauka wa kowa. Dole mai sauraro ya yi haƙuri a kai ƙarshen magana kafin ya san an yi, ko za a yi, ko ba a yi ba.

Yanzu ga wuraren da nake so dattijon ajinmu ya ji. Harshen nan yana rarrabe abubuwan da alƙali ke son ji. An gapassoyo, ban biya ba. Mot gapassoyo, ban samu ikon biya ba. Ƴar kalma ɗaya ce ta raba mai taurin bashi da wanda fari ya cinye gonarsa. Haka kuma yana raba gani da ji. Biga wassoyo, an yi ruwa. Biga odora, na gani da idona ana ruwa. Biga watteyo, wai an yi ruwa. Mu ma muna da wannan wai, kuma duk mai rubuta shaida ya kiyaye kada ya yar da ita, domin wai ya biya da ya biya ba ɗaya ba ne. In kuma suka ninka alamar sau biyu, wassossoyo, ma'anar ita ce ya zo amma ya riga ya koma, kamar mu ce ɗazu dai ya zo.

Ladabi ma a cikin kalmar aiki yake. Yaro ya tafi, gassoyo. Uba ya tafi, gashossoyo. An cusa shi a tsakiya don girmamawa. Mu ma ai ɗan halal ba ya cewa Baba ya fita a gaban manya, sai ya ce Baba sun fita. In babba ya rasu sukan ce doragashossoyo, watau sun koma. Da na ga wannan sai na tuna yadda muke cewa wane ya koma ga Mahaliccinsa.

Alamar ma tana da tarihinta

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A zamanin Sejong wannan ss ba ta zama alamar abin da ya wuce ba tukuna. Littattafan farko da aka buga da sababbin baƙaƙe sun nuna haka. A lokacin kalmomi biyu ne a jere: kalmar aiki, sa'an nan kalmar is, mai ma'anar akwai ko yana nan. Har yau ana jin su a rabe: anja issoyo, yana zaune. In aka matse su wuri ɗaya sai su zama anjassoyo, ya zauna. Ai wanda yake zaune ya riga ya zauna. Da haka, a hankali cikin ƙarni biyu zuwa uku, bakin mutane ya yi ta gajarta kalmomin nan biyu har suka narke, ma'anar kuma ta gusa daga halin da mutum ke ciki zuwa aikin da ya gama.

Kada ku ga kamar baƙon abu ne. Zan tafi da muke faɗa, asalinta za ni tafi ce. Ba ni da shi, a bakin mutane da yawa ta koma ban da shi. Kowane harshe haka yake cinye kalmominsa. Bambancin kawai, su suna da takardun shekara ɗari biyar da ke nuna sawun wannan tafiya, domin sun rubuta harshensu yadda suke furta shi. Da Sejong bai yi baƙaƙen ba, da ba wanda ya san inda ss ta fito.

Waɗanda suka riƙe baƙaƙen

Bayan rasuwar sarki manyan malamai suka koma kan rubutun Sin. Suka raina sabon rubutu, har ana kiransa rubutun mata. A 1504 wani sarki azzalumi, Yonsan, ya ga an manna takardu da baƙaƙen ana fallasa mugun halinsa, sai ya hana koyonsu da aiki da su. Hanin bai daɗe ba, domin a 1506 aka tuɓe shi. Amma ya nuna cewa tun a lokacin talaka ya gane amfanin abin.

Mata, da sojoji, da ƙananan ma'aikata su suka riƙe baƙaƙen cikin wasiƙunsu. A 2011 aka tono wata wasiƙa cikin kabarin wata mata a garin Dejon. Mijinta, wani hafsan soja mai suna Na Shingol, shi ya rubuta mata wajen shekarun 1490, lokacin da aka tura shi aiki can arewacin ƙasar. Ya gaya mata ya so ya biyo gida ya ga mahaifiyarsa da yara, shugabansa bai bar shi ba. Ya yi mata bayanin yadda za a yi da gona, ya roƙi a aiko masa da tufafi, ya kuma aika mata da hoda da allura shida. In ba a gaya maka ba sai ka ce wasiƙar ɗan cin rani ce daga Abijan ko Legas. Matar ta adana ta har aka binne su tare.

Akwai kuma gimbiya Hyegyong. A 1762 surukinta, sarki Yongjo, ya sa aka kulle ɗansa, watau mijinta, cikin akwatin ajiyar shinkafa har ya mutu bayan kwana takwas. Marubutan fada suka rubuta nasu da rubutun Sin. Ita kuwa ta yi shiru fiye da shekara talatin. Tsakanin 1795 da 1805 ta ɗauki alƙalami ta rubuta abin da ta gani da idonta, da baƙaƙen da ake rainawa. Har yau masu tarihi ba su iya zancen wannan al'amari ba tare da sun buɗe littafinta ba.

Sai a 1894 gwamnati ta yarda a rubuta dokoki da takardun hukuma da baƙaƙen ƙasa. Ran 7 ga Afrilu 1896 jaridar Dongnip Shinmun ta fito, wadda aka rubuta shafukanta na harshen Koriya da Hangul zalla, aka kuma bar fili tsakanin kalma da kalma don sauƙin karatu. Shekara 43 ke nan kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jaridar, Ju Shigyong, shi ya duƙufa kan nahawun harshen, ya fitar da littafinsa a 1910.

A wannan shekara ta 1910 Japan ta mamaye Koriya, ta mulke ta har 1945. Almajiran Ju Shigyong suka kafa ƙungiyar harshe. A 1933 suka fitar da ƙa'idojin rubutu na bai ɗaya, kuma a nan ne aka tsai da cewa alamar abin da ya wuce da haƙora biyu za a riƙa rubuta ta a ƙarshen gaɓa. Irin wannan zama ne masana suka yi a Bamako a 1966 don daidaita baƙaƙen Hausa, da Fulatanci, da Zabarmanci, da Tamashek, da Barbarci. A waɗannan shekaru kuma manyan jaridun ƙasar biyu suka riƙa tura ɗalibai ƙauyuka lokacin hutu suna koya wa manoma karatu, har masu mulki suka hana a 1935.

Daga 1938 aka fara korar harshen Koriya daga makarantu. Aka tilasta wa yara Japananci, daga baya har sunayen mutane aka matsa musu su sauya. Waɗanda suka yi lakwal a zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya in ya yi Hausa a aji, sun san ɗanɗanon abin.

A 1942 ƴan sanda a yankin Hamhung suka binciki wani gida, suka samu littafin da wata ɗaliba ke rubuta abin da ya faru da ita kowace rana. A ciki suka ga layi ɗaya da ke nuna an taɓa yi mata faɗa a makaranta don ta yi magana da harshen hukuma. Layi ɗaya, na abin da ya riga ya wuce. Da shi suka kama wani tsohon malamin makarantar, Jong Tejin, wanda a lokacin yake aikin ƙamus tare da ƙungiyar harshe. Daga kansa aka bi sauran, abin ya shafi mutum 33. Aka gana musu azaba. Biyu daga cikinsu, Yi Yunje da Han Jing, suka mutu a kurkuku. Aka ƙwace takardun ƙamus da suka shafe fiye da shekara goma suna tarawa.

Da Japan ta faɗi a 1945 aka saki waɗanda suka rage. Suka nemi takardunsu ba su gani ba. Cikin watan Satumba sai aka same su jibge a wani ɗakin ajiyar kaya na tashar jirgin ƙasa ta Seul. Littafi na farko ya fito a 1947. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya katse aikin, amma a 1957 aka kammala babban ƙamus, littafi shida.

Yaƙi da jahilci irin nasu

Lokacin da suka samu kansu a 1945, wajen kashi 78 cikin ɗari na manya a Kudu ba su iya karatu ba. Baƙaƙe masu sauƙi sun shekara ɗari biyar a ƙasa, amma mutum huɗu cikin biyar bai san su ba. Ke nan sauƙin baƙaƙe kaɗai ba ya koya wa kowa, sai an buɗe aji an sa malami. Daga 1954 zuwa 1958 gwamnati ta yi gangami kowace shekara, lokacin da manoma suka huta da aikin gona, kamar yadda mu ma muke buɗe ajinmu da rani. Malamai, da ɗalibai, da sojoji duk aka sa su ciki. A ƙarshe hukuma ta ce saura kashi 4 kawai. Ƙidayar jama'a ta 1960 ta nuna waɗanda suka rage sun fi haka nesa, ku ma kun san halin lissafin da ake kai wa manya. Amma da aka haɗa da tilasta sa kowane yaro makarantar firamare, cikin tsara ɗaya abin ya sauya ƙwarai.

Mu a Nijar an kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, kuma a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa. A 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. A ganina wannan kamar 1894 ce ta Koriya. Doka ta fito, saura rasit, da takardar gona, da takardar shari'a su biyo ta zuwa inda manomi zai karanta da kansa.

A Koriya ta Kudu ran 9 ga Oktoba ranar hutu ce ta tunawa da baƙaƙe. A 1989 kuma hukumar UNESCO, da taimakon gwamnatinsu, ta kafa kyauta da sunan sarki Sejong, ana ba masu koyar da karatu, musamman da harshen uwa. Ana ba da ita ne lokacin bikin ranar yaƙi da jahilci ta duniya, 8 ga Satumba. Maƙwabtanmu sun ci ta. Ƙungiyar Tostan ta Senegal ta samu a 2007. Ƙungiyar Tin Tua ta Burkina Faso, mai koyarwa da Gurmanci, ta samu a 2009. Ƙungiyoyin harsunan Gera na ƙasar Cadi suka samu a 2013.

Dattijon ajinmu yanzu yana da ɗan littafi a aljihun rigarsa. Kowane shafi rana ce a sama, sa'an nan layi biyu ko uku: na biya jika biyar, wane ya karɓa, wane yana wurin. Wani lokaci yana mance ƙugiyar ƙ, amma bai taɓa mance rana ba. Da na gaya masa yadda ake faɗin na biya a Koriya sai ya yi dariya ya ce gapassoyo ta yi masa tsawo, tasa ta fi saurin rubutuwa.

Ga aikin wannan wata. Kowa ya rubuta layi biyar kan abin da ya yi jiya, tun daga asuba har dare. Ya fara rubuta su da na, sa'an nan ya sake ba da labarin da muka ko suka. Inda bai gani da idonsa ba ya sa wai. Wanda ya gama ya miƙa wa malamin ajinsa, da sunan garinsa da kwanan wata a sama.